Kwamfutar Baba da Kaburbura Bakwai

Jeju, 9 ga Janairu

Zuwa ga Samchun, wato baffana, Changho a Osaka,

Ina gaishe ka gaisuwar 'ya ga uba, da fatan sanyin bana bai taɓa maka gwiwa ba. Ni ce Kyeonghwa, 'yar Changsik ɗan baffanka, wadda ka aiko wa agogon hannu ranar aurenta. Ban taɓa rubuto maka ba, Baba ne mai yin wannan, shi kuwa shekara shida ke nan da rasuwarsa. Mu nan lafiya lau, har da mai gidana da 'yata Eunbi. Mun gama cirar lemo, bayana ne kawai bai san an gama ba. An ce kunnenka ya yi nauyi har ka daina ɗaukar waya, shi ya sa na nemo biro.

Ga abin da ke tafe da ni. Za a fitar da hanya ta gonar gindin tsauni, inda kaburburan nan bakwai marasa dutse suke. An kafa allo cewa duk kabarin da mai shi bai fito ba kafin watan ƙari na kalandarmu ta gargajiya ya ƙare, wato 19 ga Afrilu, za a tone shi, a ƙone ƙasusuwan, a sa musu lamba a kai ɗakin ajiyar hukuma. Ka san ɗaya daga cikinsu na mahaifiyarka ne. Wanne ne, ban sani ba. Baba duka bakwai yake yanke wa ciyawa kowace kaka, mu ma muka ɗora a haka. In na tambaye shi sai ya ce maganar tsakaninsa da kai ce, kuma ya rubuta ta a cikin kwamfutar nan mai ninkewa da ka aiko masa.

Na zaƙulo ta daga ƙasan kabad, a naɗe cikin tsohon bargon Inna. Bakin cajarta ya ƙi shiga soket ɗinmu, sai na sa masa hancin alade, ɗan abin nan mai canza baki, kamar yadda muke yi wa duk kayan ƙasar waje. Ina jonawa na ji ƙara kamar an fasa gyaɗa, hayaƙi ya fito daga cajar, ɗaki ya cika da ƙauri. Ita kwamfutar ko ƙyaftawa ba ta yi ba.

Kai ne mai gyara a dangi. Faɗa mini yadda zan yi.

Taka,
Kyeonghwa

Osaka, 19 ga Janairu

Uwar Eunbi,

Takardarki ta iso. Ina lafiya gwargwadon shekaru. Na ji maganar hanya.

Hancin alade siffar baki kawai yake canzawa, ba ya rage wuta. Cajar nan don wutar ɗari aka yi ta, irin tamu ta nan, ke kuma kin ɗura mata ɗari biyu da ashirin. Tare da kwamfutar na aiko da akwatin ƙarfe mai nauyi, mai rage wuta, har na yi rubutu a jikinsa da jan fenti. Ina yake?

Kada ki kai ta kanti. Kada ki aiko mini ita, faifan da ke ciki ba zai jure jijjigar hanya ba. Kada ki ƙara taɓa ta.

Bu Changho

Jeju, 30 ga Janairu

Samchun,

Barka da sabuwar shekarar gargajiya, da fatan ka sha miyarta da zafi. Mun yi wa iyayen da suka rasu shimfiɗar abinci kamar kullum, na sa wa mahaifiyarka nata kwanon.

Na karanta takardarka sau uku ina neman inda ka ce mini sannu, ban samu ba. To na ji. Na ƙona caja, ba ni da hankali, kada in ƙara taɓawa. Ban taɓa ba. Ga ta can a kan tebur, kullum ina kewaye ta kamar baƙuwar da ban san yarenta ba.

Akwatinka na ƙarfe yana nan da ransa. Ya haura shekara ashirin yana danne murfin randar daddawar waken suya a bayan gida, don kada iska ta ɗauke shi, kuma ya iya aikin. Jan rubutun naka da Japananci ka yi shi. Baba kaɗai ke karanta Japananci a gidan nan, sai ka je ka yi faɗa da shi.

Tunda ka buɗe ƙofar faɗa, bari ni ma in shiga. Tun ina 'yar shekara tara nake bin Baba da lauje zuwa gonar nan. A tsibirin nan ko wanda ke Seoul sai ya rufe shagonsa ya hau jirgi ranar yankan ciyawar kaburbura, in ba haka ba ya rasa inda zai sa fuskarsa. Kai rediyo ka aiko, da tukunyar dafa shinkafa, da agogo, da kwamfuta. Ƙafarka ce kawai ba ta taɓa isowa ba. Yanzu da abu ya zo wuya ka ce a bari. In ka haƙura da mahaifiyarka ne, faɗa mini ƙarara in san abin da zan gaya wa mutanen hanya. Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye maka ba.

Kyeonghwa

Osaka, 10 ga Fabrairu

Uwar Eunbi,

Sannu. Ga ta nan a layin farko, kada ki sha wahalar nema. Ina fatan bayanki ya yi sauƙi, da Eunbi da mai gidan naki duk lafiya.

Ban ce a bari ba. Nufina kada ki taɓa ta sai na aiko da caja. Yanzu rubuta layi biyar sai ya cinye mini safiya guda, shi ya sa na gajarta. Kwana goma sha biyu na yi ina zirga-zirga a kasuwar kayan wuta ta Nipponbashi, ina tonon kwandunan tsofaffin kaya, masu shaguna suna mini kallon tsohon da ya ɓata hanya. Takardar bayanin kwamfutar tana wurina tun ranar da na saye ta, don haka na san abin da take ci. Cajar da ke cikin ƙunshin nan tana karɓar wutarku. Bakin nata ni na liƙa shi da darma, na auna shi sau huɗu. Ki bar akwatin ƙarfe ya ci gaba da gadin daddawa.

Ga yadda za ki yi. Ki fara zare batirin, akwai ɗan makulli a ƙasa, ki tura shi gefe. Batirin da ya shekara talatin ya zama rami, duk wutar da aka zuba shi zai shanye. Sannan ki jona caja, ki danna maɓalli sau ɗaya kawai. Ki sa ido a kan 'yar koriyar fitila, ki kasa kunne, ki kuma sa hanci. Duk abin da kika gani, kika ji, kika shaƙa, ki rubuto mini, ko da kina ganin shirme ne.

Maganarki ta biyu gaskiya ce. Shekarata biyar lokacin da aka ƙone ƙauyukan tudu aka kashe mutane, har da mahaifiyata. Aka sa ni a ƙasan jirgin kamun kifi tare da wata goggo, na farka a nan. Yaya Changsik yana da sha huɗu, yana cikin waɗanda suka yi binnewar. Da farko takardun tafiyata ne ba su ba ni damar zuwa ba. Da suka ba ni, matata ta kwanta ciwo. Da ta rasu sai na rasa abin fakewa, na gane tsoro ne kawai. Duk takardar da Yaya ya aiko, a ƙarshe sai ya rubuta: «Ka zo in nuna maka da yatsana.» Na roƙe shi ya zana mini a takarda, ya ƙi. Daga baya ya ce ya sa a cikin kwamfuta, ko da zai riga ni. Yanzu likita ya hana ni hawa jirgi saboda zuciya. Ban haƙura da ita ba, ko kwana ɗaya.

Samchun ɗinki,
Changho

Jeju, 23 ga Fabrairu

Samchun,

Ina gaishe ka da kyau, ina kuma jin kunyar takardata ta baya. Bakina yana riga hankalina, Baba ma ya sha faɗa. Ka sha maganin zuciyarka, kada ka ƙara yawon kasuwa cikin sanyi. Ƙunshin ya iso lafiya, har da alewar da ka cusa a gefe.

Na zare batirin. Ya kumbura, bakinsa ya yi wani farin gari kamar gishiri. Na jona cajarka na danna sau ɗaya. Koriyar fitila ta kama! Na ƙirga ɗaya, biyu, uku, sai wani abu ya yi ƙyas a ciki, ta mutu. Ka ce sau ɗaya, amma na sake, ka yafe mini. Haka ta ƙara yi, uku cif.

Maganar hanci kuwa, kada ka yi mini dariya. Ƙarnin kifi take yi. Na zaci hannuna ne, don na gyara kifi da safe, na wanke da sabulu na dawo. Na zargi mai gidana, na kore shi waje. Ƙarnin dai daga ramukan gefen kwamfutar yake fitowa.

Na san ka ce kada a kai ta kanti, ban kai ta ba. Amma na yi maganar da Yang, mai gyaran na'urorin jiragen ruwa a bakin tasha, wanda muka yi firamare tare. Ya ce me ya sa muke wahalar da gawa, a ciro faifan kawai a karanta shi a sabuwar kwamfuta. Na ce sai na ji daga bakinka.

Masu aunon hanya sun kafa jajayen turaku, ɗaya yana tsakanin kabari na uku da na huɗu. Na cire shi na mayar gefe, in sun ga dama su kama ni. Saura wata guda watan ƙari ya kama. Mai duba rana ya ce kowace rana a cikinsa ta yi don ɗauke kabari, tunda na sama ba sa kallo a watan, amma masu tono sun fara cika, kowa yana son ya ɗauke nasa.

Taka,
Kyeonghwa

Osaka, 6 ga Maris

Uwar Eunbi,

Ina lafiya, ina shan magani, kin fi likitan faɗa. Ki gaishe da mai gidanki, ki ba shi haƙuri, ba shi ne mai ƙarnin ba.

Hancinki ya yi aikin da mita za ta yi. Kwandensa ne. Wasu 'yan ƙananan gwangwanaye ne a kan allon wuta, suna riƙe wuta su daidaita ta. In sun tsufa sai su yi yoyo, ruwan nasu kuma ƙarnin kifi yake yi. Wuta tana shiga, ta tarar ba mai riƙe ta, sai na'urar ta kashe kanta don kada ta ƙone. Wannan ƙyas ɗin da kika ji labari ne mai daɗi, yana nufin mai gadinta yana raye, kuma wutar da kika ɗura wa caja ba ta ƙetara ciki ba.

Ga sababbi guda tara na manna a kan kwali, kowanne da lambarsa, ga zanen inda zai zauna. Yanzu ki kai wa Yang, amma a rungume, kada a sa ta a kwandon babur. Ki ce masa faifan da tsarin injinan ƙasar nan na da aka rubuta shi, sabuwar kwamfuta za ta ce fanko ne, ta nemi ta share shi. Ya wanke allon da sifirit kafin ya liƙa komai. Ya duba fis. Kowane kwandensa yana da ratsi a gefe ɗaya, in ya juya shi zai fashe masa a fuska. Na san ya sani, amma ki faɗa masa, ki tsaya a kansa. Mai gyara ya fi kula in ana kallonsa, ni shekara hamsin na yi a sana'ar.

Abu na ƙarshe shi ne mafi girma. Kafin ki kunna, ki ajiye ta a ƙasan ɗaki mai ɗumi na awa biyu, man da ke cikin faifan ya saki. In ta tashi, kada ki kashe. Tsohon faifai yana iya juyawa sau ɗaya ya ce ya gama. Na zana miki maɓallan da za ki bi har ki kai ga rubutun. Ki ɗauki hoton kowane shafi, ko da kin ga jerin kayan miya ne.

Jiya na yi ta ƙoƙarin tuno fuskarta. Bayanta kawai nake samu, da warin hayaƙi a rigarta.

Changho

Jeju, 21 ga Maris

Samchun,

Gaisuwa a gurguje, kowa lafiya. Ta tashi.

Yang ya yi ta ƙunƙuni, wai tsohon Osaka zai koya masa ratsin kwandensa. Amma da ya ga zanenka sai ya tambaya ko zan bar masa shi. Kwana uku ya yi. Guda biyu sun ci hanyar wutar da ke ƙarƙashinsu, sai da ya yi musu gada da siririyar waya.

Jiya da hantsi na ɗumama ta yadda ka ce. Na danna, na ƙirga uku, na ƙirga huɗu, na kai goma fitila tana nan. Sai faifan ya yi wani nishi irin na Baba in zai miƙe daga zaune, ya kama juyawa. Rubutu ya fito fari a kan baƙi. Na zauna a ƙasa na yi kuka, Eunbi tana ta ce mini in riƙe wayar da kyau hoto yana rawa.

Yawanci lissafin ranakun tunawa da mamata ne da feshin gona, wannan ko ni na gane daga lambobin. Amma akwai guda ɗaya da sunanka a kai, shafi huɗu, duk da Japanancin da aka koya masa a firamare. Eunbi ta ce wayarta za ta fassara mana nan take. Na hana. Shekara nawa yana ce mini tsakaninku ne, ba zan leƙa ba don ya mutu. Na wanke hotunan, ga su nan a ciki.

Gobe watan ƙari zai kama. Na kama masu tono ranar 16 ga Afrilu, ita kaɗai ta rage musu. Na gyara wuri a maƙabartar dangi, kusa da Baba. Ka rubuto mini lamba kawai, daga katangar duwatsu zuwa bakin hanya, na nawa ne.

Taka,
Kyeonghwa

Jeju, 4 ga Afrilu

Samchun,

Ina fatan lafiya ce ta sa ka yi shiru, ba rashinta ba. Mako biyu yau. Gidan waya sun ce takardar ta isa hannunka tun ranar 27.

Na rasa abin da zan zata. Wani lokaci in ce zuciyar ce, in ga kana kwance a bayan ƙofa ba wanda ya sani. Wani lokaci in ce Baba ya rubuta wani abu a kanmu da ya ɓata maka rai. Har na ɗauko hotunan na miƙa wa Eunbi, sai na karɓe abina. Kwamfutar ma ba ta ƙara tashi ba. Fitila tana kamawa, faifan ne ya ƙi juyawa, yadda ka faɗa.

Jiya na je gonar. Ciyawa ta fara tsirowa a kansu duka. Na tsaya ina kallon su ɗaya bayan ɗaya, sai na ji ba daɗi, wai nan da kwana goma sha biyu zan ɗauki ɗaya in juya wa shida baya, bayan duk na san su tun ina yarinya. Ba wanda ya fito nemansu. Amma wannan ba damuwarka ba ce. Lamba nake jira, ko a bayan katin gidan waya ne.

Kyeonghwa

Osaka, 7 ga Afrilu

Kyeonghwa, 'yata,

Ina raye, ina cin abinci. Ki yafe mini shirun. Na karanta shafukan nan tun ranar da suka iso, amsar ce ta gagare ni.

Babu lamba. Mahaifinki bai sani ba.

Ga abin da ya rubuta, na juya miki shi yadda yake: «Changho, ni na riƙe ƙafafunta muka ɗauke ta, amma an rufe su duka da tabarmi, dusar ƙanƙara tana zuba, manya suna cewa a yi sauri. Da bazara na koma na kasa tuna wane rami ne. Waɗanda muka yi aikin tare ba wanda ya kai baɗi. Na ce maka ka zo in nuna maka don ina son ka zo. Kullum kuma ina tsoron ranar da za ka zo.» Sai ya jera sunayen mutum bakwai ɗin, da gidan kowa. Mata biyar, da tsoho ɗaya, da jaririya. Ya ce ya bi sawun danginsu har Busan, bai samu kowa ba.

Kwana huɗu na yi ina fushi da shi. Na zage shi da ƙarfi a ɗakin nan, da yake ba na jin kaina ban san maƙwabta sun ji ba. Shekara saba'in yana riƙe ni da yatsan da ba shi da inda zai nuna. Daga baya na zauna na yi tunani. Yaro ɗan sha huɗu ya manta rami ɗaya, sai ya ɗauki bakwai ya ɗora wa kansa har ya mutu, ya kuma bar wa 'yarsa. Ni da na san tawa tana can, ko ciyawa ɗaya ban cire ba. Ban ga bakin da zan yi fushi da shi ba.

Na san za a ce a gwada jinina da ƙasusuwan. Na yi tunaninsa sosai, har na ciro gashina na sa a ambulan. Ba zan aiko ba. In an gano ta, shida za su tafi ɗakin ajiya da lamba a wuya. Muddin ba a san wacce ce ba, kowanne a cikinsu yana iya zama uwata, kuma ba mai hana ɗa ya ɗauki uwarsa.

Ga takarda da hatimina, ki kai wa mutanen hanya. Ki ce mai su ya fito, sunansa Bu Changho, yana neman duka bakwai. Ki nemi izinin dattawan dangi a faɗaɗa wurin, in sun yi gardama ki karanta musu wannan. A kwantar da su a jere yadda suke, kada a canza wa kowa maƙwabci. Dutse ɗaya ya isa, a sassaƙa sunayen yadda Yaya ya jera su. Sunanta Hyeon Sunim, ita ce ta biyar, kada a dawo da ita farko don ni.

Ranar tonon, kafin a sa shebur, ki zuba musu giya, ki yi musu magana da ƙarfi kada su firgita. Ki ce Changho ne ya aiko ki, ɗan gidan gindin bishiyar kanya, wanda aka sa a jirgi. Ki faɗa a kan kowane kabari, sau bakwai. Ɗaya daga ciki za ta gane.

Samchun ɗinki,
Changho